Shekara Talatin Kafin Gudu: Haƙurin Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo Da Hangen Nesansa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya wa kowane al'amari lokacinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk sa'ad da aka ambaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, abin da ke fara zuwa a zukatan mafi yawan mutane shi ne tutoci da dawaki, da yaƙin Tabkin Kwatto, da faɗuwar Alkalawa. Amma wanda ya zauna ya lissafa shekarun aikinsa zai ga wani abu daban. Shehu ya fara kira zuwa ga Allah a shekarar 1188 bayan Hijira (1774), ya rasu a 1232 (1817), wato kimanin shekara 43 ke nan. A cikinsu, shekara 30 cur ya yi su yana karantarwa da wa'azi, ba a zare takobi ba. Daga hijirarsa zuwa Gudu har zuwa cin Alkalawa bai cika shekara 5 ba. Sauran shekarun kuwa ya mayar da su ga karantarwa da wallafa. Wannan maƙala za ta dubi doguwar shekarun nan da ba a cika ba da labarinsu ba, domin a cikinsu ne aka gina duk abin da ya bayyana daga baya.

NEMAN ILIMI

An haifi Shehu a Maratta ta ƙasar Gobir, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, a watan Disamba na 1754 (Safar 1168). Zuriyarsa Toronkawa ne, gidan malanta tun kaka da kakanni. Ya tashi a Degel, ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo, sannan ya shiga zagayen malamai kamar yadda al'adar almajirci take a wancan zamani. Ya karanta Muhtasar na Halilu a wurin Malam Usmanu Binduri, wanda ya lazimce shi har ya ɗauki ɗabi'unsa na tsoron Allah da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ya kuma zauna da Malam Jibrila ɗan Umaru kimanin shekara guda, har ya bi shi zuwa Agadas.

A Agadas ne aka fara ganin irin haƙurinsa. Malam Jibrila ya ɗaura niyyar tafiya aikin Hajji, zuciyar almajirinsa kuwa cike take da begen Manzon Allah (S.A.W.) da shauƙin ziyartar Madina. Sai dai mahaifinsa bai yi masa izinin wannan tafiya ba. Saboda haka ya juyo gida, ya bar abin da ransa ya fi so domin biyayya ga mahaifi. Har ya koma ga Allah bai samu zuwa Hajji ba, amma aikin da aka tanadar masa a ƙasar Hausa yana nan yana jiransa.

Abin lura kuma shi ne, fara wa'azi bai sa ya daina ɗaukar karatu ba. Yana da shekara talatin da 'yan kai, sunansa ya riga ya bazu, ya zauna gaban Malam Muhammadu ɗan Raji ya karanta Sahihul Buhari, tare da ƙanensa Abdullahi. Yawan jama'ar da ke sauraronsa bai hana shi durƙusawa gaban malami ba.

WA'AZI A ƘAUYUKA DA RUGAGE

Yana da shekara 20 ya fara kiran mutane a Degel. Daga nan ya fita zuwa ƙasar Kabi, daga baya ya shiga Zamfara inda ya yi kimanin shekara 5 yana yawon wa'azi. Mutanen da ya tarar iri-iri ne. Akwai waɗanda ba su shiga Musulunci ba sam, akwai masu salla amma suna yanka wa duwatsu da itatuwa, akwai kuma masu son addini da gaske waɗanda ba su san farillan alwala ba. Bai fara da maganar mulki ko sarauta ba. Ya fara da tauhidi a sauƙaƙe, da tsarki, da salla, da azumi, da zakka, da hukuncin aure da ciniki da gado, sannan gyaran zuciya daga girman kai da hassada da riya. Yakan yi bayani da Fulatanci da Hausa, ya kuma tsara waƙoƙi domin makiyayi da manomi da matar da ke daka su iya haddace abin da ba za su iya karantawa a littafin Larabci ba.

Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Daga abin da ya bayyana, Shehu yakan fito wa jama'a da sakin fuska, ya yi musu sallama, ya saurari tambayar mai tambaya ba tare da ƙosawa ba, ko da kuwa mai tambayar ba shi da ladabi. Wanda ya taɓa karantar da manya baƙi da wasali ya san nauyin maimaita mas'ala guda sau goma ga mutum ɗaya. Shehu ya yi wannan shekara da shekaru, daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Suka kuwa ta zo masa ta fuskoki biyu. Wasu malamai sun zarge shi da barin mata suna halartar wa'azinsa, har wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙar suka a kan haka, Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa. Hujjarsu ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan fitowarsu neman ilimi cikin sutura, a zaune gefe guda. A littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai na waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu.

Ta ɗaya fuskar kuma akwai masu tsanani, ɗaliban ilimin kalami da ke kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin tauhidi irin na littafi. Shehu ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana mayar musu da martani, yana tabbatar da imanin gama-garin Musulmi. Hatta malaminsa Jibrila, da ya tafi a kan kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce, tare da cikakken ladabi da yabo da shaidar falalarsa. Da ya bi hanyar tsanani, da ya sami mabiya masu zafi cikin ɗan lokaci, da kuma ya rasa dubban mutanen da suke buƙatar a bi da su sannu a hankali.

RANAR MAGAMI

Abdullahi ya faɗa a cikin Tazyinul Waraƙati cewa a farkon al'amari Shehu ba ya zuwa fadar sarakuna, ba ya kuma hulɗa da su. Sai da jama'arsa ta yawaita, al'amarinsa ya shahara, sannan ya ga babu makawa sai ya je. Ya tafi wurin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya bayyana masa Musulunci na gaskiya, ya kira shi zuwa ga tsayar da adalci.

A wajen shekarar 1788, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar Layya, ya yi musu kyaututtuka. An ruwaito cewa abin da ya ware wa Shehu ya kai misƙali 500 na zinariya. Shehu bai karɓa ba. A maimakon dukiya ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa wannan kira, a girmama duk wanda ya naɗa rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kada kuma a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince da su duka.

Misƙali 500 dukiya ce mai yawa ga malamin da aka ruwaito yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa. Da ya karɓa, da ta ciyar da almajiransa na wani lokaci, daga nan kuma ya zama ɗaya daga cikin malaman fada, bakinsa a ɗaure. Abin da ya nema a madadinta ya ba shi shekaru na karantarwa a fili babu mai tsangwama. Biyu daga cikin buƙatun nan kuma, wato sakin fursunoni da sauƙaƙa haraji, ba su shafi almajiransa kaɗai ba, sun shafi kowane talaka a Gobir. Tun daga ranar talakawa suka san wanda ke magana da yawunsu.

DEGEL TA ZAMA MAKARANTA

Bayan yawon Zamfara ya koma Degel ya zauna. A wannan lokaci ne ya wallafa Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, wajen 1793, littafin da ya bi babobin addini ɗaya bayan ɗaya yana nuna sunna a kowane babi da bidi'ar da ta shiga cikinsa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa, su zauna shekaru, a ba su izini su koma garuruwansu su buɗe makarantu. Daga cikin waɗanda suka sha karatu a wurinsa akwai Yakubu wanda ya kafa Bauci, da Buba Yero na Gombe. A cikin gidansa kuma ana renon Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, da Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793.

Tare da karatun zahiri akwai tarbiyyar ruhi. Shehu Baƙadire ne, ya riƙi wuridi da halwa, ya kuma tarbiyyantar da almajiransa a kan haka. Ya bayyana da kansa cewa da ya kai shekara 40 da 'yan watanni, wato wajen 1794, an yi masa buɗi, ya ga Manzon Allah (S.A.W.) tare da Shehu Abdulƙadir Jilani (R.A.), aka ɗaura masa takobin gaskiya domin ya zare shi a kan maƙiya Allah. A nan akwai abin da ya kamata kowane muridi ya tsaya ya yi tunani a kai. Tsakanin wannan buɗi da ranar da aka fara yaƙi akwai shekara 10. Mutumin da aka yi wa irin wannan ishara, ga jama'a a bayansa, ga matasa masu ɗoki, bai fita washegari ya ce lokaci ya yi ba. Ya auna isharar da ma'aunin shari'a, ya ci gaba da karantarwa, ya jira sharuɗɗa su cika.

SHEKARUN MATSI

Bayan rasuwar Bawa da ɗan gajeren mulkin Yakubu, sarauta ta koma hannun Nafata. Ganin yadda Jama'a ke ƙaruwa, Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba wanda zai yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addininsa na da, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wannan shela ta rushe kusan duk abin da aka samu a Magami. Shehu ya riga ya shawarci Jama'a da su tanadi makamai domin kare kansu, amma bai ba kowa izinin kai hari ba.

Da Yunfa ya hau gadon sarauta wajen 1802, al'amari ya ƙara tsananta. An ruwaito cewa ya kira Shehu zuwa fadarsa a Alkalawa ya yi nufin harbe shi, bindigar ta yi baya ta ƙone shi shi kansa. Shehu ya fito ya koma Degel, bai mayar da wannan dalilin tayar da yaƙi ba. Abin da ya yi shi ne rubutu. A 1803 ya wallafa Masa'ilu Muhimma, inda ya yi bayanin hukuncin hijira da wajabcin naɗa shugaba, domin idan ranar ta zo mutane su san abin da suke yi da hujjarsa, kada su tashi da fushi kawai.

Ranar ta zo ne bayan da rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, garin da Malam Abdussalami da mutanensa suka koma, ta kama Musulmi ta wuce da su ta kusa da Degel, mutanen Degel suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu ya fita daga garin shi da iyalinsa kaɗai, ya bar sauran. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi ya bar ƙasar tare da duk mai son binsa. A watan Zulƙida na 1218, daidai da Fabrairu 1804, suka yi hijira zuwa Gudu, a can aka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Yana da shekara 49 a lokacin.

HAƘURI A CIKIN WUYA

Nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi, ba ta kawo sauƙi nan take ba. A ƙarshen wannan shekara aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda Jama'a ta yi asarar kimanin mutum 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Waɗannan su ne amfanin gonar da aka yi shekara talatin ana nomawa, aka rasa su a wuni guda. Ga yunwa, ga cuta, ga ƙaura daga wuri zuwa wuri. An ci Birnin Kabi a 1805, a cikin shekarar kuma aka sake shan wuya ƙwarai a Alwasa. A tsakiyar wannan hali ne Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijira a 1806, littafin da a cikinsa ya yi bayanin naɗa alƙalai da waziri da hukuncin ganima da siffofin shugaba adali, alhali ƙasar da za a yi mulkin ba ta gama samuwa ba.

Abin da ya hana al'amarin rushewa bayan Tsuntsuwa shi ne, ba a Degel kaɗai aka yi shukar ba. Malaman da suka karɓi tuta, irin su Sulaimanu a Kano, da Umarun Dallaji a Katsina, da Malam Musa a Zazzau, da Yakubu a Bauci, da Buba Yero a Gombe, da Modibbo Adama a Fombina, kowannensu yana da jama'ar da ta riga ta san kiran tun kafin a ɗaga tuta. Alkalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808.

Akwai kuma jarrabawa ta cikin gida. Abdullahi ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar da nufin tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin shugabanci, daga bisani ya komo. Shehu ya san abin da ƙanensa ya gani gaskiya ne. Maganin da ya ɗauka shi ne ci gaba da nasiha da rubutu, da sassautawa a mas'alolin da malamai suka yi saɓani a kansu, domin kada a wargaza al'umma a kan abin da shari'a ta yalwata.

MIƘA AMANA

Da ƙasa ta samu, Shehu bai gina fada ya zauna ba. Ya koma Sifawa ya ci gaba da karantarwa. A 1812 ya raba kula da ƙasar, gabas a hannun Muhammadu Bello wanda ya gina Sakkwato tun 1809, yamma a hannun Abdullahi. Ta haka suka yi shekara 5 suna gudanar da mulki yana raye, yana ganin aikinsu, yana gyara musu. A Najmul Ikhwani ya kwaɗaitar da almajirai su karanta littattafan malaman zamaninsu, ya ambaci na Abdullahi da na Bello, domin malamin kowane zamani shi ya fi sanin matsalolin mutanensa. Shugaba ne ke nuna wa jama'a waɗanda za su koma wa bayan ransa. Ya ƙaura zuwa Sakkwato a 1815, ya rasu a can ranar 20 ga Afrilu, 1817.

Bayan rasuwarsa ƙasashe da dama sun yi tawaye, aka kuma sami ɗan sanyin dangantaka tsakanin Abdullahi da Bello a kan gadon shugabanci. Amma tarbiyyar Degel ta yi aikinta. Da Abdullahi ya shiga matsi a yaƙin Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, a nan baffa ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a, aka rufe wannan ƙofa. Bello ya yi shekara 20 yana mulki, yana kafa ribaɗoɗi da zaunar da makiyaya, har ya rasu a Wurno a 1837. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana aika su ƙauyuka su karantar da mata, har ta rasu a 1864. Amsar da aka bai wa Mustafa Goni tun ba a haife ta ba, ita ce ta zama makaranta a hannunta. Daular ta tsaya har zuwa 1903 da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, littattafan kuwa har yau ana karanta su a zaure.

ABIN DA KE CIKI GA 'YAN'UWA

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Tarihin Shehu ya nuna cewa haƙurin da ake nufi aiki ne na kullum, na mai hura wuta a ƙarƙashin tukunya, ba zaman jiran tsammani ba. A duk shekarun jiran nan babu ranar da ba ya karantarwa, ko rubutu, ko renon wani.

Matashin da ya sauke littafi biyu ko uku yana ɗokin a kira shi shehi ya tara mabiya, ya tuna da wanda ya zauna karatun Buhari bayan ya shahara. Muƙaddamin da masu mulki ko masu dukiya ke kai wa kyauta, ya tuna da Magami, ya tambayi kansa abin da za a karɓe masa a madadin abin da aka ba shi. Wanda ya ga wani abu a mafarki ko a halwa, ya tuna da shekara goman da ke tsakanin buɗi da Gudu. Halifan da ya riƙe komai a hannunsa, bai koya wa kowa jan wazifa ko ba da karatu ko sasanta 'yan'uwa ba, ya tuna da Sifawa. Zawiyoyi nawa aka gani cike da jama'a a zamanin mai su, bayan rasuwarsa da 'yan shekaru aka rasa mai buɗe ƙofa? Sau da yawa dalilin shi ne an tara mutane, ba a gina su ba.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Shehu Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da sauran mutanen Jama'a, Ya haskaka makwancinsu. Ya arzuta shugabanni da muridai da haƙuri da sabati a kan gaskiya, Ya mayar da mahalarta wannan taro gidajensu lafiya, Ya maimaita na baɗi cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.